Kujerar Almustapha a Bakin Rami

Jawabin Malam Abdulhadi Uba a taron tunawa da marigayi Honarabul Almustapha Atiku, a filin makarantar Tungar Yalwa

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai, wanda rai ke hannunsa, mutuwa ke hannunsa, hisabi ma ke hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wakilin Mai Martaba, ranka ya daɗe. Uban ƙasa, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman da sauran malamai, Allah ya gafarta muku. Mai gari da masu unguwanni, barkanku da zuwa. Shugabannin jam'iyyar marigayi da ke zaune a sahun gaba, da jagoranku Alhaji Sharu, na gan ku, kuma zan dawo kanku. Baƙinmu da suka taso daga Anka da Gummi da Bukkuyum, suka biyo hanyar da kowa ya san halin da take ciki, sannunku da ƙoƙari. Inna Kulsum mahaifiyar marigayi, Hajiya Zaliha mai ɗakinsa, Kamalu da ƙannenka, da dukkan jama'ar Tungar Yalwa maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Tun da aka kira sunana na ga wasu suna gyara zama, kuma ban ga laifinsu ba. Ni ne sakataren jam'iyyar adawa a wannan mazaɓa. Tun Almustapha yana kansila har ya je majalisar jiha ya dawo, ban taɓa dangwala masa ƙuri'a ba. Da Allah zai dawo mana da shi gobe, ya sake tsayawa a waccan jam'iyya, ba zan dangwala masa ba. To me ya kawo ni gaban makirfo? Inna Kulsum ce ta aika aka kira ni. Na same ta bisa tabarma, ta ce, "Abdulhadi, kai za ka yi magana bisa ɗana. Masu yi mishi kirari sun yi ta yi har suka kai shi ƙasa. Ni wanda ya yi faɗa da shi ido da ido nike so." An je an ba ta baki cewa hakan zai zubar da mutuncin jam'iyya. Ta ce ita ba jam'iyya ta haifa ba.

Mun yi faɗa da shi kam, ba kaɗan ba. Mun yi a kan taki, don shi yana ganin a bi ta hannun shugabannin mazaɓa a raba, ni ina ganin wannan hanya ce ta tura shi gidajen 'yan lele. Mun yi a kan sulhu da mutanen daji. Shi ya yi imani a zauna da su a yi magana, ni kuwa har gobe ina cewa wanda ya kore maka shanu ya kashe maka ƙane, ba ka shimfiɗa masa tabarma. Wata rana a kasuwar Gummi, lokacin kamfe, motarsu ta tsaya daura da tamu, ina bisa ina zazzaga masa. Ya tsaya ya saurare ni har na gama, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Malam Abdulhadi, bakinka ya fi ƙuri'arka yawa." Kasuwa ta ɗauki dariya, har da yaranmu. Da yamma kuma ga shi a zaurena da ƙullin goro, ya zo duba ƙafar mahaifina.

Duk da haka, a wani taron jam'iyyarmu a Bukkuyum, aka ce kowa ya faɗi ɗan siyasar da yake koyi da shi. Wannan ya kira na Abuja, wancan ya kira na zamanin da, waɗanda ko fuskarsu ba su taɓa gani ba sai a kalanda. Da aka zo kaina na ce Almustapha Atiku na Tungar Yalwa. Saura kaɗan a fitar da ni ta taga. Shugabanmu ya ce in janye, na ce ba zan janye ba, in ana so a karɓe sakatarcin a karɓe. Yau zan faɗa muku dalilin da ban samu damar faɗa musu ba.

Manyanmu suna tune da shekarar da gubar dalma ta shigo mana. Yaran da ke tsaye can baya ba su sani ba, don lokacin suna goye ko suna rarrafe, to ku saurara da kyau. Mazanmu suna haƙo dutsen zinari a daji su kawo gida. Matanmu suna daka shi a turmin da suke daka gero, ana niƙa shi a tsakar gida, ƙurarsa tana kwanciya a ƙasa, yaro yana rarrafe yana sa hannu a baka. Sai yara suka fara jijjiga, ido ya kafe, kafin a kai su Anka sun cika. Muka ce iska ce, muka ce mayu ne, muka yi ta turare. Da likitoci suka zo suka auna, suka ce ƙasar gidajenmu ce ke kashe mana ɗiya. Maganin shi ne a kankare ƙasar kowane gida, a kwashe ta a binne bayan gari, a zubo sabuwa.

Nan muka tirje, mu duka, ba jam'iyyar da ta fi wata hankali. Wasu suka ce ƙattin waje ba za su shiga musu gida ba. Wannan an shawo kansa, aka ce 'ya'yan gida su yi aikin. Wanda ya gagara shi ne bayan ɗaki. Kun san al'adarmu, in an haihu ungozoma tana binne cibiyar jariri da mabiyiya a bayan ɗakin uwarsa. To daidai nan ne mata ke wanke garin dutse, nan gubar ta fi nutsewa, nan ne kuma aka ce sai an haƙa da zurfi. Dattawa suka ce wanda ya tone cibiyar mutum ya tumɓuke shi daga garinsu, ɗansa ba zai zauna gida ba, jikansa ba zai san hanyar gida ba. Malam Liman na wancan lokaci ya hau mumbari ya ce babu wannan a addini. Muka ce mun ji, muka koma gida muka rufe ƙofa. Tifa tana tsaye a bakin gari, mu kuwa muna ta kai gawa maƙabarta.

Ranar wata Juma'a, ana sallamewa, Almustapha ya miƙe. Lokacin yana kansila. Bai yi wa'azi ba, ya ce kowa ya biyo shi gidan ubansa. Muka bi shi, wasu don kallo, ni don in ga inda zai kunyata. Ya sa aka fitar da mata zuwa maƙwabta, ya tuɓe babbar riga, ya ɗauki shebur ya nufi bayan ɗakin Inna. Inna Kulsum ta ƙi fita. Ga ta nan zaune, in na ƙara ko na rage ta tsayar da ni. Ta riƙe ƙotar shebur ta ce, "Almustapha, nan cibiyarka take, ga ta ubanka can. Mi za ka yi?" Ya ce, "Inna, ni na riga na girma. Waɗanga da ke rarrafe nike son su girma." Sai ta saki shebur ta juya fuska bango. Da hannunsa ya haƙa, da hannunsa ya cika baro, ya tura shi har gindin tifa, gari duka yana kallo.

Gida na gaba da ya je, gidan ƙanwata Hawwa'u ne. Gidanmu ne na adawa, fostar ɗan takararmu tana manne a zaure. Hawwa'u ta binne 'ya'ya biyu, ta uku, Rahina, tana kwance tana jijjiga. Mijinta ya tare ƙofa. Almustapha ya tsaya ƙarƙashin fostar nan, ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Ban zo neman ƙuri'a ba. Ku ci gaba da ƙina, ku dai bar ni in kwashe ƙasar nan." Aka bar shi. Rahina ga ta can cikin mata, da shuɗin hijabi. Maganarta a hankali take fita, karatu ba ya zama a kanta, amma tana raye, tana yi wa uwarta tuwo. Da zaɓe ya zo gidan nan kaf ɗinsa bai zaɓe shi ba. Ya sani sarai, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa goranta mana ba.

Wannan shi ne mutumin da na ɗauka abin koyi.

Ya kasance mutum ne da in zai sa ka abu mai ɗaci, shi zai fara kurɓa a gabanka. Ya kasance ba ya tambayar wa ka zaɓa kafin ya tambayi wa ke kwance a gidanka. Ya kasance mai taurin kai, Allah ya jiƙansa, taurin kan da ya sha ba ni haushi, in ya kafe a kan kuskure sai ka ji kamar ka shaƙe shi. Ya kasance in ya zage ka a dandali a dandali zagin yake ƙarewa, ba ya bin ka da shi ta bayan gida, ba ya aika yara su ɓata maka suna wurin mai shayi. Ya kasance yana jin kunyar mata masu takaba fiye da yadda yake jin tsoron manyan jam'iyya, kuma wannan ne ya ci shi.

Ƙasar da aka kwashe, kun san inda take. Ga ramin can gabas da wannan makaranta, an shimfiɗa leda, an zuba, an rufe da jar ƙasa. Almustapha ya ce tun da cibiyarsa tana ciki, nan ma gidan ubansa ne. Da ya sauka daga majalisa, wasu tsofaffin 'yan majalisa sun tare a Gusau, shi kuwa ya sayi kujerar ƙarfe ya kafa ta gindin aduwar da ke bakin ramin. Kullum da hantsi yana can da rediyonsa, yana korar masu ɗibar ƙasar tubali da masu sakin awaki. Mun yi masa dariya, har ni, muna ce masa Honarabul mai gadin juji. Ya kan ce gara ya yi gadin juji da ya yi gadin maƙabarta.

Yanzu na dawo kanku, sahun gaba.

Da zinari ya yi tsada, aka shigo da injunan da ke sake wanke tsohuwar ƙasa, wani ya tuna cewa a cikin ramin nan akwai ɓurɓushin zinarin da matanmu suka zubar. Akwai shi, wa ya musa? Akwai shi gauraye da abin da ya kashe mana yara. Alhaji Sharu, kai ne mai injunan. Ka je ka same shi gindin aduwa, ka ce a buɗe ramin a raba. Ya ce maka sai dai in ba ya numfashi. Ba a yi nisa ba sai magana ta ɓulla a gari, wai lokacin kwashe ƙasa Almustapha ya cusa buhunan dutsen zinari a cikin ramin, wai dukiyarsa yake gadi, yana jiran ido ya kau. Ta fito wurin mai shayi, ta shiga wayoyi a saƙon murya, ta kai Anka, ta kai Gummi. Mun san muryar da ke cikin saƙon, mun san motar da mai muryar ke tuƙawa. Sai kuka zauna kuka dakatar da shi daga jam'iyyar da ya kafa muku a garin nan, kuka ce yana yi muku zagon ƙasa. Hujjarku kuwa, wai an gan shi yana shan shayi da Abdulhadi.

Abin da ba zan manta ba shi ne waɗanda kuka tura masa. Samari ne da diga da shebur, yaran garin nan, waɗanda suke rarrafe a shekarar da ya kwashe ƙasar. Ban ga laifinsu ba. Gonakin iyayensu na daji ba su shiguwa, ciki ba komai, an ce musu ga arziki a binne wani tsoho ya zauna a kai. Ya tsaya a gabansu cikin tsakar rana, yana kiran kowane da sunan uwarsa, yana faɗa masa ranar da ya shiga gidansu da baro. Wani daga cikinsu ya ce masa, "Baba, in babu komai ciki, mi ya sa ka hana a duba?" Ya buɗe baki zai ba shi amsa, bakin ya karkace, ya faɗi jikin kujerarsa. Yaran ne suka zubar da diga suka ɗauke shi suna kuka. Ku kuna ina?

Na same shi a asibiti a Gummi. Rabin jikinsa ba ya motsi, harshe ya yi nauyi. Hajiya Zaliha tana gefe, ita ce shaidata. Ya ɗaga hannun da ke aiki ya kama rigata, da ƙyar ya ce, "Na yafe musu." Na ce, "Honarabul, ni ban yafe ba." Ya yi murmushi da rabin baki ya ce, "Shi ya sa ban son ka ci zaɓe." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, kuma ko ita saɓani ce.

To jama'a, na koyi abubuwa da yawa wurin Almustapha, amma wannan ɗaya na ƙi koya, kuma ba zan koya ba. Ya yafe haƙƙinsa, nasa ne, yana da iko. Haƙƙin Inna Kulsum da ta binne ɗan da ya kamata ya binne ta, ba ta yafe ba, na tambaye ta. Haƙƙin yaran da ke ajin nan bayana, waɗanda iskar gabas ke kawo musu duk abin da ya tashi daga bakin ramin, ba wanda ya isa ya yafe shi a madadinsu. Ina faɗin haka ne don kowa ya ji abin da ake ɓoyewa har a watse daga wannan taro: an ba Alhaji Sharu izinin buɗe ramin, katafila tana Bukkuyum tana jira, ranar Litinin za ta shigo. Ko rumfar ta'aziyya ba a gama kwancewa ba.

Ba wanda zai ɗauki sanda, ba wanda zai kunna ashana. Samari, ku ji ni da kyau, wanda ya taɓa injin wani ko motar wani ya ci amanar mamacin nan. Ramuwarmu mai sanyi ce, kuma ba ta ƙarewa da wuri. Ranar Litinin katafila za ta same mu a bakin rami, mu na adawa da ku na jam'iyyarsa da har yanzu kuke da kunya. Hawwa'u ta ce za ta zo da matan da suka binne 'ya'ya a waccan shekara, kowace ta tsaya ta faɗi sunan nata da ƙarfi, direban ya ji abin da zai tona. In zaɓe ya zo, duk wanda sahun gaban nan ya ɗaga wa hannu, za mu bi gida gida mu tuna wa mutane wa ya kwashe musu ƙasa, wa kuma ya so dawo musu da ita. Za ku ci gaba da zama cikinmu, za mu amsa sallamarku don addini ya ce a amsa. Amma duk sahun da kuka shiga a masallaci, na kusa da ku ya san abin da kuka yi, kuma kun san ya sani.

Alhaji Sharu, ɗago kai, da kai nake. Kai ma ɗan garin nan ne. Gidanka na cikin waɗanda aka kankare, cibiyarka tana cikin ramin nan tare da tasa da tawa. Ka yi 'ya, Sahura, wadda ta fara tafiya a waccan shekara ta gubar, ba ta kai ga yaye ba. Mutane sun manta, ni ban manta ba. Ranar da ta rasu ka kasa ɗaukarta, Almustapha ne ya rungumo ta a tabarma har maƙabarta, shi ya shiga kabarin ya kwantar da ita. Ƙasar da ta yi rarrafe a kai, wadda ta sa a baka, ita ce kake so a tono maka a wanke. To na rantse a gaban malaman nan, in katafilarka ta fasa ramin, kwanon farko ni zan ɗiba. Zan kawo maka shi har gida da rana tsaka, in yi sallama, in ajiye maka a zaure. Sai ka shiga da shi ciki da hannunka ka zuba inda jikokinka ke wasa, tun da ka ce ba komai a ciki sai arziki.

Inna, ki yi haƙuri, na san ba don in tayar miki da ciwo kika kira ni ba, amma kin san wanda kika kira. Ɗanki bai saci ko tsakuwa ba, kuma yau an faɗa a gaban waɗanda suka ce ya sata. Hajiya Zaliha, shekara da shekaru kina aika masa da fura gindin aduwa, kina jin ana yi masa dariya kina haɗiyewa. Allah ya biya ki, mu ba mu da abin biyanki. Kamalu, kai da ƙannenka, kada ku gaji gabar nan, ku bar mana ita, mu mun saba. Ku gaji abin da ya fi ta, ku riƙa tambayar wa ke kwance kafin ku tambayi wa aka zaɓa. Abu ɗaya nake roƙo a gidanku, kuma Inna ta riga ta amsa mini: kujerar ƙarfen nan. Ban kai shi ba, ba ni da haƙurinsa, ban yarda da rabin siyasarsa ba, amma zama a bakin rami na iya.

Ina godiya ga wakilin Mai Martaba da uban ƙasa da suka saurare ni ba su sa an kashe makirfo ba. Ina godiya ga malamai, da baƙinmu na Anka da Gummi da Bukkuyum, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya tsare muku hanya.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Almustapha ɗan Atiku. Ka yafe masa kurakuransa, waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba. Ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya masa ƙasa kamar yadda ya sanyaya wa ɗiyanmu ita. Ka haɗa shi da yaran da ya ɗauka zuwa maƙabarta, su kama hannunsa su shiga da shi Aljanna. Ka ba Inna da Hajiya Zaliha da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Waɗanda suka yi masa ƙazafi kuwa, ya Allah, shi ya yafe, mu mun kawo ƙara gabanka. Kada ka ɗauki ransu sai sun tsaya a gaban mutanen nan sun faɗa da bakinsu cewa ƙarya suka yi. Allah ya isa tsakaninmu da su. Amin.

Kamalu, miƙo kujerar.